Kibiyar Gidan Ba Ajimi

Idan ka shigo layinmu a unguwar Bolori ta Maiduguri ka hango huluna jere bisa kututturan katako suna shan rana, kamar taron manya da aka manta ba a kawo musu jiki ba, to ƙofar Ba Ajimi ka iso. Wankin hula ne sana'arsa. Ni ne maƙwabcinsa na hannun hagu, Tahir, Bafulatani, wato ubangidansa. Shi kuwa in ka tambaye shi, cewa zai yi kakansa ne ya sayi kakana da ƙwaryar gero, har aka ba shi canji. Haka Fulani da Barebari suke. Gado muka yi, kuma ba mu da niyyar bari. Katanga ɗaya ce tsakaninmu tun gemunmu na baƙi.

A Yerwa, tsohon cikin gari, aka haife shi, can cikin lungunan da in mai kaya ya shigo sai mai fita ya manne da bango. In ya fara labarin Yerwa, sai ka rantse ba a taɓa yin sauro a can ba. Wai ruwan rijiyarsu ya fi zuma, wai ƙamshin turaren wuta ke nuna wa baƙo hanya, wai yaro ba ya wuce babba da takalmi a ƙafa. Ni dai na je Yerwa, sauro ya cije ni. A can ya koyi sana'a wurin kawunsa: a jiƙa hula, a cuɗa a hankali kada zare ya tashi, a sa sitaci, a ɗora kan katako, a daddaka ta zauna, sannan a bar wa rana sauran aiki. Yakan ce shi da rana abokan sana'a ne, kuma ita kaɗai ce abokiyar da ba ta taɓa neman kasonta ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba hula ce ta yi wa gidan suna ba. Matarsa ce, Ya Falmata.

Tukunyar matar nan ba ta san yawan mutanen gidanta ba. Kullum sai ta yi saura, kuma sauran ba ya kwana. Abin da ya bambanta ta da sauran masu kyauta shi ne yadda kwanon ke fita. Ba ta aiken kowa. Ita da kanta za ta naɗa lafaya, kwano a ƙarƙashi, ta shiga gidan da ta lura hayaƙi bai tashi ba, ta ce aron muciya ta zo. Sai ta tafi matar gida za ta tarar da burabusko da miya a bayan ƙofa, da zafinsu. In ka mayar da kwano kana godiya, sai ta juya shi ta duba gindi ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, amma kawo in ajiye wa mai shi." Ta ce uwarta ce ta koya mata a Yerwa: abin da ya rage a gida ba na gida ba ne, kuma wanda aka ba bai kamata ya ga hannun da ya ba shi ba.

Shekarun da gari ya rikice, mutanen ƙauyuka suka cika gidajen 'yan'uwa, ɗaki ɗaya mutum goma, sai tukunyar ta ƙara girma. Ban san inda hatsin ke fitowa ba. Na dai san Ba Ajimi ya yi shekaru da riga ɗaya ta sallah, ina ce masa rigar ta haddace huɗuba.

Tana da wata tsohuwar firiza da ta saya hannun wani mai kifi a Baga Road. Shekara guda ƙanƙararta na ƙarnin tarwaɗa, muna sha muna cewa ruwan Chadi ne aka kawo mana har gida. A kan murfin take fasa ƙanƙara da taɓarya, har wurin ya lotsa kamar tafin hannu. Tana sayarwa, amma in zafi ya kai zafi, rabin masu zuwa da kuɗinsu suke komawa, don kullum wai ba ta da canji.

Sai aka shiga dogon duhun nan, lokacin da aka kayar da turakun da ke kawo wa garin wuta. Wanda ya zauna a Maiduguri a lokacin ba ya bukatar bayani. Fanka ta zama ado, firiza ta zama akwatin ajiye kwanuka. A cikin bazarar nan Ya Falmata ta kwanta, ana yi mata fifita da murfin kwano, har Allah ya karɓi abinsa.

Daga nan kwano ya daina fita daga gidan, sai dai ya shiga. Daga gidana ake kai masa. Yana ci yana kushewa.

"Fulata, ku fa nono kaɗai kuka iya. Wannan miya ce ko ruwan alwala?"

"Ka dawo da shi mana."

"Na riga na sa hannu, haram ne."

Yana dariya, amma na san abin da ke cin sa. Mutumin da ya saba ganin abu na fita ta ƙofarsa, yanzu sai shiga kawai.

'Yarsa Jannatu ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Ta ce zafin da ya kwantar da uwarta ba zai kwantar da ubanta ba. Ta turo Arinze ya haɗa masa sola. Arinze ɗan marigayi Cosmas ne mai shagon kayan wuta a kasuwa. A nan aka haife shi, Barbarcinsa ya fi nawa, abin da Ba Ajimi ba ya gajiya da yi mini gori a kai. Ya jera farantan sola a rufi, ya ajiye batir mai kama da ƙaramar durowa a zaure, ya kafa inbata, na'urar da ke sarrafa wutar, a bango mai ɗan allo yana haske. Da wutar gari ta dawo aka liƙa mana sababbin mitoci na kati, sai Arinze ya haɗa biyun: rana ta yi aiki, batir ya cika, in duka sun gaza a ja daga layi.

Wata rana da hantsi ya ɗaga, akwai wutar gari, Arinze ya zo duba aikinsa. Ina zaune a zauren ina shan iskar fankar banza. A allon akwai zanen rana, da gida, da batir, da turken wuta, da 'yan kibiyoyi masu tafiya a tsakani. Ba Ajimi ya sa yatsa.

"Ɗan Cosmas, wannan kibiyar me ya sa ta juya wa gida baya?"

"Batir ya cika ne, Baba. Gidan kuma ba ya cinye abin da rana ke bayarwa. Sauran sai ya fita."

"Ya fita zuwa ina?"

"Ya hau layi. Duk gidan da ke kusa, in sun kunna abu, ita za su fara ja."

"Ba tare da sun sani ba?"

"Ina za su sani? Wuta ba ta da tambari."

Ba Ajimi ya cire hularsa ya mayar. Sannan ya ce, a hankali, "Ba sallama, ba godiya. Ta bayan ƙofa."

Daga ranar ya samu aiki na biyu. Da ya gama jera huluna, sai ya ja kujera gaban allon yana jira. Kibiya na juyawa sai ya ce, "Bismillah, kwano ya fita. Allah ka kai ladan kabarin Falmata." Ya daina kunna fanka da rana don batir ya yi saurin cika. Mutumin da aka haɗa wa sola don kada zafi ya taɓa shi, ga shi yana gumi kamar mai gasa tsire, yana murmushi. Bai gaya wa kowa ba sai ni, ni ma don ba yadda zai yi da ni ne.

"Fulata, shayin da ka sha jiya, da wutar wa aka dafa?"

"Da gawayi."

"To rediyon fa? Ka ci arziki ka yi shiru, halinku ne."

Abin bai daɗe ba Jannatu ta fara kira. Ita ke sa masa kati daga can, kuma katin ya koma ƙarewa kamar ana zuba ruwa a rariya. Gidan da ke da sola ya fi gidan mai injin niƙa cin wuta. Ta ce ko wani ya yi musu satar layi, ta kuma ambaci sunana, Allah ya shirye ta, ubanta ne ya koya mata.

Arinze ya dawo ya tsaya gaban mita ya daɗe. Sannan ya dafe kai.

"Baba, laifina ne da ban rufe hanyar ba tun farko. Mitar nan ba ta bambanta shiga da fita. Kamar mai tsaron ƙofa ne da aka ce ya karɓi kuɗi hannun duk wanda ya gifta. Wuta ta shigo, ka biya. Taka ta fita, ka biya."

"To sai me? Wace sadaka ce ba ta da ciwo?"

Arinze ya fito da wani ɗan zobe baƙi mai buɗewa kamar munduwa, da siririyar waya a jikinsa. Ya ce a kan babbar wayar da ta shigo daga mita ake maƙala shi. Shi zai riƙa jin inda wuta ta dosa, da ya ji tana shirin fita sai ya gaya wa inbata ta ja birki.

"Mayar da munduwarka jaka," in ji Ba Ajimi. "Ba a sa wa ƙofar gidan nan sakata ba da ran Falmata, ba za a sa a bayanta ba. Kati kuwa ni zan riƙa sa abina. Ka gaya wa Jannatu ta huta."

Da kuɗin wankin hula! Arinze ya bi ni har ƙofa yana roƙo. Ya ce akwai abin da bakinsa ba zai iya faɗa wa dattijon ba, amma ni da ba ni da kunya zan iya.

Washegari da kibiya ta juya, na kama hannun Ba Ajimi na ce ya zo ya ga arzikin da yake yi mini. Na kai shi gaban mitata. Fankata na juyawa, matata na guga. 'Yar jar fitilar mitar na ƙiftawa kamar idon mara gaskiya, lamba na sauka.

"Ka gani? Wutarka ce, ban musa ba. Amma mitata ba ta san Falmata ba."

Ya matsa kusa, ya ƙanƙance ido. Ya tsaya har lambar ta sake sauka a gabansa.

"Wato kwanon yana isowa, amma a bakin ƙofa ake sayar maka da shi."

"Haka ne."

"Ni na biya ya fita, kai ka biya ya shiga."

"Barebari dai ba ku iya ciniki ba," na ce, don in ga ya rama.

Bai rama ba. Ya juya ya fita, har ya bar takalminsa ɗaya a juye.

Shi da kansa ya kira Arinze. Aka maƙala munduwa, Arinze ya yi ta danne-danne a allo, ya saita abin da zai fita ya zama babu. Muna kallo kibiyar da ke zuwa turke ta tsaya, ta ɓace.

"Yanzu sauran ina yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina, Baba. In batir ya cika, inbata za ta riƙa karɓar daidai abin da gidan ke ci. Sauran ta bar shi a rufi."

"Rana ta taso tun daga gabas da kwanonta, mu ce mata mun ƙoshi."

Ba Ajimi ya ɗauki wata tsohuwar hula da mai ita bai dawo karɓa ba, ya kife a kan allon.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Yana fitowa, yana jera huluna, yana amsa gaisuwa. Na ce masa bawana, ya ce na'am. Na ce kakana ya ci kakansa da yaƙi da sandar kiwo, ya ce ƙila. Matata ta kai miya ya ce ta yi daɗi. Nan hankalina ya tashi. Babarbaren da ya yabi miyar Fulani, ai sai a nemo likita.

Na hau Keke Napep na tafi shagon Arinze. Na ce masa shi ya ɗaura, shi zai kwance. Ya sosa ƙeya ya ce akwai wata kafa ta daban a jikin inbatar, wadda ba ta buɗewa sai batir ya cika, kuma da rana ta yi sanyi sai ta rufe kanta. Ba ta taɓa batir, ba ta taɓa mita, saura kawai take ci. Abin da ake bukata shi ne wani abu mai jan wuta da rana, wanda ba ya damuwa in an kashe shi da yamma.

Ban bari ya ƙarasa ba. Firizar Ya Falmata na nan a ɗakin baya cike da kwanuka.

Na dawo da gudu kamar na tsinci naira. Na ce wa Ba Ajimi a gyara ta, a ajiye a ƙofarsa, a cika da ruwa, duk mai so ya ɗiba.

"A ƙofata?" ya ce. "In zauna kamar hakimi, mata su riƙa durƙusawa suna Allah ya saka? Wanda ba shi da kuɗin ƙanƙara ya zo ya nuna mini fuskarsa? Ka zauna kusa da Falmata shekara da shekaru, Fulata, amma ba ka koyi komai ba sai cin burabusko."

Ko ba komai, ya zage ni. Na ji sanyi.

Sai ya tsaya yana kallona, daga hula har takalmi, kamar mai taya akuya. Bakinsa ya fara motsi.

"Zaurenka fa? Katanga ɗaya ce, waya ba ta jin nisa."

"Zaurena?"

"A ce taka ce. Duk Bolori ba wanda ya taɓa yi maka godiya. Ka ɗanɗana kafin ka mutu."

Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Ya kuma tsara yadda za a yi, kamar mai shirin satar amarya. Ranar Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci mata kuma suna ciki, Arinze da ma'aikatansa, da yake su ranar Lahadi ce tasu, suka ɗauko firizar suka shigar zaurena, suka huda katanga ta ƙasa suka zura waya. An sa mata gas, an canza roba. Ni kuma na shafe ta da koren fenti don ta ɓad da kama. Muka dawo daga masallaci muka tarar tana gurnani a hankali, irin gurnaninta na da.

Na sa aka yi shela a layi cewa Malam Tahir ya ajiye ruwan sanyi da ƙanƙara fisabilillahi. Abin da ya ba ni haushi, mutane dariya suka fara yi. Wani ya tambaya ko ciwon ajali ne ya kama ni.

Wadda ta fara zuwa ita ce Phebe, mai ƙosai a bakin layi, mutuniyar Biu, ƙawar Ya Falmata tun suna goyo. Ta shigo da bokitinta tana sharce gumi. Ba Ajimi na ƙofarsa, taku kaɗan, ya duƙufa kan wata hula kamar bai san ana yi ba.

"Malam Tahir, ashe ana tuba da tsufa?"

"Ɗibi ki tafi, Mama Phebe, kyauta ba ta son surutu."

Ta kai hannu za ta ɗaga murfi, sai tafinta ya faɗa cikin lotsawar nan. Fenti ya rufe launi, bai cike rami ba. Ta tsaya. Ta shafa wurin da yatsu. Ta buɗe, ta sunkuya ta shinshina, wai ko ƙarnin tarwaɗa na nan. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, ta goge ido da bakin zane, ta ɗauki ƙanƙara biyu ta sa a bokiti.

A bakin zaure ta tsaya. Ba ta kalli Ba Ajimi ba, ni ta kalla, amma muryar da ta ɗaga ta isa kan titi.

"Malam Tahir, an gode. Allah ya jiƙan Falmata. Allah ya sanyaya mata kamar yadda ta sanyaya mana."

Na saci kallon Ba Ajimi. Hannunsa ya tsaya a kan hular. Sannan ya ci gaba da daka ta, a wuri ɗaya, har na ji tsoron zai huda wa mutane kaya.

Kafin la'asar layin duka ya ɗauki salon. Kowa ya zo, ni zai gaisar, ni zai ce wa an gode, sannan ya yi wa Falmata addu'a da ƙarfi yana fuskantar katanga. Ba wanda ya je ƙofarsa, ba wanda ya durƙusa masa, ba wanda ya ce ya sani. Mutanen da suka yi shekaru suna mayar da kwanon da aka ce ba nata ba ne, ai sun san yadda ake yi.

Da yamma ya leƙo zaurena.

"Fulata, sirri ɗaya aka ba ka."

"Wallahi ban buɗe baki ba."

"Na sani. Fuskarka ce. Wa zai kalle ka ya yarda?"

Ya ɗebi ruwa a kofina ya sha, ya ce kofin na warin nono.

Washegari na tarar ya cire hular daga kan allon. Kibiyar turke ba ta dawo ba, kuma Jannatu ta daina zargina. Amma akwai wani ɗan koren haske a gefe da ke kamawa idan batir ya cika, daidai lokacin da firizar ke fara gurnani a zaurena. Shi yake jira yanzu, fanka na kaɗa shi, don Arinze ya rantse masa da kabarin Cosmas cewa fanka ɗaya ba ta rage wa kowa ƙanƙara. Da hasken ya kama sai in ji shi ta katanga.

"Fulata! Kwano ya fita. Tashi ka karɓi godiyar da ba taka ba."